Likita Mai Binciken Gadon Kitsen Jini: Tambayoyin da Ɗalibai da Iyaye ke Yawan Yi a Legas

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta maimaituwa a bakin ɗalibanmu masu karatun likitanci da iyayensu a Agege da Idi-Araba da Mile 12, wasu kuma daga mutanen da aka ce musu kitse ya yi yawa a jininsu. Na tara su wuri ɗaya, na faro daga masu sauƙi. Wanda ke da takardar gwaji a hannu, ya kai wa likitansa su duba tare. Wannan shafi ba zai ɗauke masa zuwa asibiti ba.

Likita, wane ne kuma "likita mai bincike"? Ai kowane likita yana bincike.

Kowane likita yana binciken abin da ke damun majinyacinsa, amma da ilimin da wasu suka riga suka tono. Likita mai bincike shi ne wanda idan ya ci karo da abin da littafi bai yi bayaninsa ba, sai ya ɗauki tambayar ya shiga da ita ɗakin gwaje-gwaje, ya yi shekaru yana bin sawunta. Wani ɓangare na makonsa yana duba marasa lafiya, sauran kuma yana tare da na'urori da kwamfuta da ɗalibai.

Amfanin haɗa biyun a mutum ɗaya babba ne. Masanin kimiyyar da ba likita ba ya fi mu sanin na'ura, amma ba gabansa ake kawo yaro ɗan shekara goma sha biyu da bugun zuciya ba. Likitan asibiti kuwa ya ga yaron, ya yi mamaki, sai dai layin majinyata ya kai bakin ƙofa, babu lokacin tsayawa a tambayi dalili. Kusan duk abin da aka sani yau kan gadon kitsen jini, daga gefen gadon wani majinyaci ya faro.

Kitsen jini da ƙiba ba abu ɗaya ba ne?

A'a, kuma wannan ruɗani yana cutar da mutane. Ƙiba kitse ne da jiki ya ajiye a ƙarƙashin fata da cikin ciki. Kitsen jini kuwa shi ne wanda ke yawo a jijiyoyi, kuma iri biyu aka fi aunawa. Na farko kolestarol, wanda jiki ba ya rayuwa sai da shi: da shi ake gina bangon kowace ƙwayar halitta, da shi hanta ke haɗa ruwan matsarmama, daga gare shi ake samun bitamin D da sinadaran da ke bambanta namiji da mace. Mafi yawansa jiki ne ke ƙera abinsa, ba daga abinci yake zuwa ba. Na biyu shi ne maiƙon ajiya, wanda takardar gwaji kan rubuta TG. Idan wannan ya yi mugun yawa, ma'aikacin ɗakin gwaji na ganewa tun kafin ya auna: ruwan da ke tasowa saman jinin a kwalba, maimakon ya fito ruwan ɗorawa garai-garai, sai ya fito fari fat.

Da yake mai ba ya haɗuwa da ruwa, kolestarol yana tafiya ne a cikin ƙananan ƙunshi. Ƙunshin LDL shi ne mai haɗari, domin idan ya yi yawa yana kutsawa bangon jijiya ya taru shekara da shekaru har hanya ta ƙuntata. Idan jijiyar zuciya ce ta toshe, bugun zuciya ke nan. Idan ta ƙwaƙwalwa ce, shanyewar ɓarin jiki. Siririn mutum mai tura baro a kasuwa yana iya ɗauke da LDL ninki biyu na mai tumbin da ke zaune a shago. Dalilin yana amsa ta gaba.

Ta yaya gado ke shiga wannan magana?

Mutum yana da ƙwayoyin gado kimanin 20,000, kowace kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mutanenmu sun riga sun san wannan ta hanyar sikila: AA da AS da SS. To haka abin yake a nan.

A tsakanin 1973 da 1974, wasu likitoci biyu matasa a birnin Dallas na Amurka, Michael Brown da Joseph Goldstein, suka raini ƙwayoyin fatar wasu yara masu mugun yawan kolestarol a ɗakin gwaji, suka gwada su da na masu lafiya. Suka gano cewa a jikin ƙwayar mai lafiya akwai wani makami da ke kama LDL ya shigar da shi ciki. Ka ɗauke shi kamar ƙugiyar da ake zurawa rijiya a ciro guga. Hanta ce ta fi kowace gaɓa yawan waɗannan ƙugiyoyi, ita ke tsame LDL daga jini. Wanda ya gaji kwafi ɗaya lalatacce, rabin ƙugiyoyi gare shi, LDL ɗinsa kan ninka tun daga haihuwa. Wanda ya gaji biyu, kusan babu ko ɗaya, kuma zuciya na iya buga masa tun yana yaro. Wannan aiki ya ba su kyautar Nobel a 1985.

Daga nan aka fahimci yadda magungunan statin ke aiki. Akira Endo na Japan ne ya fara tsamo irinsu daga wata funfuna a 1973, na farko kuma ya shiga kasuwa a 1987. Maganin yana rage kolestarol ɗin da hanta ke ƙerawa, ita kuma sai ta ƙara fito da ƙugiyoyi don ta cike giɓin daga jini.

Yaya za mu gane ko gidanmu na da wannan gado?

Ba cuta ce ta nesa ba. A ƙiyasin duniya, kusan mutum 1 cikin 250 zuwa 300 yana ɗauke da kwafi ɗaya, kuma yawancinsu ba su sani ba. Alama ta farko tana cikin tarihin gida: uba ko kawu ko baffa da ya yanke jiki ya faɗi kafin shekara 55, ko uwa ko goggo kafin 60. Mu kan ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, amma likita na da haƙƙin tambayar sanadi saboda waɗanda ke raye.

Alama ta biyu tana jiki. Ka sa mutum ya durƙusa a kan kujera, ka kama agararsa a saman diddige da yatsu biyu. Ta mai lafiya siririya ce, sumul. Ta mai wannan gado wani lokaci takan yi kauri, ka ji ƙulli-ƙulli masu tauri a ciki. Akan ga irinsu a jijiyoyin bayan hannu idan ya dunƙule. Akwai kuma farin zobe a gefen baƙin ido tun kafin shekara 45. A tsoho wannan ba komai ba ne, a matashi abin tsayawa ne. Alama ta uku ita ce gwaji: LDL da ya kai 4.9 a ma'aunin mmol/L, wato 190 a ma'aunin mg/dL, a babban mutum. Ɗakunan gwaji a Legas suna amfani da ma'aunan biyu, don haka a duba da kyau kafin hankali ya tashi.

Idan an tabbatar da mutum ɗaya, kowane ɗa nasa da kowane ɗan'uwansa ciki ɗaya yana da rabin yiwuwar ɗauka. Don haka ba a tsayawa kansa, sai a bi dangi ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka gano da wuri aka ɗora kan magani, galibi yakan yi rayuwarsa kamar kowa.

An ce auren zumunci na ƙara wannan matsala. Gaskiya ne?

Alhaji, auren zumunci ba ya ƙirƙirar cutar da babu ita a dangi. Abin da yake yi shi ne ƙara yiwuwar kwafi biyu lalatattu daga kaka ɗaya su haɗu a jikin jika. Wani likita a Beirut, Avedis Khachadurian, shi ya fayyace bambancin mai kwafi ɗaya da mai biyu a 1964, ta hanyar nazarin iyalan Labanon, inda auren dangi ya yawaita. Idan mata da miji duka suna da kwafi ɗaya, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 ya zo da biyu, daidai lissafin AS da AS.

Ban ce a bar zumunci ba. Na ce gidan da ke da alamomin da na lissafa a amsar da ta gabata, su haɗa da gwajin kitsen jini a cikin gwaje-gwajen da ake yi kafin aure. Ba shi da wuyar samu.

Akwai likitan da za mu kalli rayuwarsa mu ga yadda wannan aiki yake?

Wadda nakan kawo ita ce Farfesa Helen Hobbs. An haife ta a 1952, ta gama karatun likitanci a 1979, ta je Dallas horon ƙwarewa da niyyar zama likitar asibiti. Shugaban sashensu, Donald Seldin, shi ya ga abin da ke tattare da ita ya tura ta ɗakin gwajin Brown da Goldstein a farkon shekarun 1980. Ta shiga ne tana cikakkiyar likita amma ɗaliba a aikin gwaji, ta koya daga tushe. Ina so ɗalibanmu su lura da wannan, domin da yawa sun ɗauka idan ba a fara bincike tun ana ɗan shekara ashirin ba, jirgi ya wuce.

A wajen shekarar 2000, ita da abokan aikinta suka kafa wani babban nazari kan zuciyar mazauna Dallas. Suka ɗauki dubban mutane daga unguwanni, suka auna jininsu, suka ɗauki hoton zuciya da hanta, suka ajiye DNA, sinadarin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Suka kuma yi wani abu da ba a saba ba a lokacin: da gangan suka sa kusan rabin mutanen su zama baƙar fata. Ita da abokin aikinta Jonathan Cohen suka ɗauki dabarar duba mutanen da ke can ƙarshen ma'auni, masu mafi yawa da masu mafi ƙaranci, maimakon tsaka-tsaki. Kafin nan ma ɗakin gwajinta ya gano ƙwayoyin gadon da ke bayan wasu cututtukan kitse biyu da ba kasafai ake gani ba, a 2000 da 2001. An ba ta kyautar Breakthrough ta kimiyyar rayuwa ta shekarar 2016. Manyan abubuwa biyu da nazarin ya haifar suna cikin amsoshin PCSK9 da kitsen hanta a ƙasa.

Mene ne PCSK9, kuma me ya sa ake cewa jinin Afirka ne ya buɗe hanyar maganinsa?

A 2003, Marianne Abifadel da Catherine Boileau a Faransa suka gano wasu iyalai masu yawan kolestarol alhali ƙugiyoyinsu lafiya lau. Matsalar tana wata ƙwayar gado daban, PCSK9. Daga baya aka gane aikinta: tana ƙera wani sinadari da ke lalata ƙugiyoyin hanta. A waɗannan iyalai sinadarin ya yi ƙarfi fiye da kima.

Hobbs da Cohen suka juya tambayar. Idan ƙarfinsa na ɗaga LDL, wanda nasa ya mutu fa? Suka zaɓi mutum 128 masu ƙarancin LDL a nazarin Dallas suka karanta wannan ƙwaya tasu. A 2005 suka bayyana cewa kimanin kashi 2 cikin 100 na baƙaƙen Amurka suna ɗauke da kwafi ɗaya da ba ya aiki, abin da da ƙyar ake samu a turawa. A 2006 suka duba wani nazari da ya bi mutane shekara 15, ciki har da baƙar fata 3,363. Masu wannan gado LDL ɗinsu ya yi ƙasa da kashi 28 cikin 100, amma cutar jijiyoyin zuciya ta ragu musu da kashi 88. Raguwa kaɗan tun daga haihuwa ta fi raguwa mai yawa da aka fara a shekara sittin. Aka kuma sami wata mata a Dallas da kwafinta biyu duka ba sa aiki, LDL ɗinta 14 kacal a ma'aunin mg/dL, lafiyarta ƙalau, da 'ya'yanta. Daga baya aka sami irinta a Zimbabwe. Wannan ne ya ba kamfanonin magani ƙarfin gwiwar cewa toshe sinadarin ba zai yi illa ba, kuma a 2015 allurai biyu suka sami amincewa, alirocumab da evolocumab.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan: gadon daga nahiyarmu ya tafi, a jikin kakannin da aka kwashe a jiragen bayi, kuma har yau yana nan a jinin mutanen Afirka. Amma sai a Texas aka gano shi, allurar kuma ta fito a kan kusan dala 14,000 a shekara. Ko da aka rage ta zuwa ƙasa da 6,000 a 2018, wane mai sayar da albasa a Mile 12 ne zai iya? Ba na zargin waɗanda suka yi aikin, sun yi abin a yaba. Ina tambayar kanmu ne, me ya hana a yi shi a nan.

To mu baƙar fata mun tsira daga cutar zuciya ke nan?

Ko kusa. Mutum 2 cikin 100 ne ke da waccan kariya a nazarin Amurka, saura 98 fa? Gaskiya ne a matsakaici mutanen da asalinsu Afirka ne sukan fi ƙarancin TG, amma akwai wani ƙunshi mai suna Lp(a) da ya fi yawa a jininmu, wanda gado ne kusan kacokan ke yanke yawansa, abinci da motsa jiki ba sa taɓa shi sosai. Gwajin kitsen jini na yau da kullum ba ya nuna shi, sai an nema.

Akwai kuma APOL1, wani sinadari da ke tafiya tare da HDL, wani ƙunshin kolestarol daban da LDL. A 2010 aka gano wasu nau'o'insa biyu da suka yawaita a Afirka ta Yamma saboda suna kare mutum daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda. Wani babban nazari a Najeriya da Ghana da aka buga a 2024 ya sami kwafi biyu a kusan mutum 3 cikin 10 na waɗanda aka auna. Sannan uwa uba hawan jini, wanda shi ne kan gaba wajen shanye mutanenmu.

Kitsen hanta fa? An ce mini ina da shi, ni kuwa ban taɓa shan giya ba.

Hajiya, kwantar da hankalinki, ba wanda ya zarge ki. Kitse na taruwa a hanta ba tare da giya ba, musamman ga mai ƙiba ko ciwon suga. A 2008 ɗakin gwajin Hobbs ya gano wani nau'i na ƙwayar PNPLA3 da ke ƙara wannan haɗari. Ya fi yawa a mutanen Latin Amurka, ya fi ƙaranci a baƙar fata. Gadon shi kaɗai ba ya yin ɓarna sosai sai ya haɗu da ƙiba. Rage nauyi da barin lemon kwalba suna taimakawa ƙwarai. A ƙasarmu kuma, duk mai matsalar hanta ya tabbata an gwada shi ciwon hanta nau'in B, domin ya fi zama ruwan dare.

Shi ke nan sai mu bar suya da man shanu da manja?

Kolestarol kansa a abincin da ya fito daga dabba kawai yake: nama, kayan ciki, ƙwai, madara. Manja da man gyaɗa ba su da shi. Sai dai kusan rabin manja kitse ne mai daskarewa, irin wanda ke sa hanta ta rage ƙugiyoyinta, haka ma man shanu da kitsen balangu. Nazarin SIREN kan shanyewar ɓarin jiki, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ke cikin jagororinsa, aka kuma yi shi a asibitocin Najeriya da Ghana har da Kano da Zariya, ya nuna hawan jini a sama, sai matsalar kitsen jini. Cin nama kullum ya ƙara haɗari, cin ganye kullum ya rage. Zogale da rama da alayyafo da muka taso da su ba abincin talauci ba ne.

Wani bincike da aka buga a 2001 kan Fulani makiyaya a yankin Jos ya same su da kitsen jini mai kyau duk da madara da man shanu. Amma su wuni suke suna tafiya a bayan shanu. Ɗan'uwansu da ya dawo Legas yana zaune a shago daga safe zuwa dare, shayi mai kauri da burodi da safe, tsire da daddare, awa uku a cunkoson mota, lissafinsa daban ne. Mai gadon da na yi bayani a sama kuwa, ko ganye kaɗai zai ci ba zai ishe shi ba, sai da magani.

Ɗana yana sakandare a Agege, yana son wannan hanya. Daga ina zai fara?

Daga JAMB: Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, da sakamako mai ƙarfi, domin gasar shiga likitanci tana da zafi. A Legas akwai Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas a Idi-Araba, wadda aka kafa tare da asibitin LUTH a 1962, da ta Jami'ar Jihar Legas a Ikeja. Kada ya taƙaita kansa nan; Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri duk suna yaye likitoci. Karatun shekara shida ne idan yajin aiki bai shiga ba, sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sai hidimar ƙasa.

Bayan nan sai horon ƙwarewa, shekara biyar zuwa shida ko fiye, a ƙarƙashin kwalejin ƙasa da ke Ijanikin ko ta Afirka ta Yamma. Fannonin da suka fi kusa da wannan bincike su ne nazarin sinadaran jini, da zuciya, da ciwon suga da dangoginsa, da likitancin yara. A matakin ƙarshe dole ya rubuta kundin bincike. Da yawa kan ɗauke shi shingen da za a tsallake kawai. Wanda ke da wannan buri ya ɗauke shi tubalin farko. Sannan digiri na uku, ko shekaru a ɗakin gwajin wani gogagge. Duka-duka, daga JAMB zuwa ranar da zai tsaya da ƙafarsa, a yi lissafin shekara goma sha biyar zuwa ashirin. Gara a gaya wa iyaye tun yanzu.

Abu ɗaya da ba a koyarwa sosai a makarantar likitanci amma ya zama dole: ƙididdiga da sarrafa bayanai a kwamfuta, irin manhajar R da Python. DNA na mutum ɗaya harufa biliyan uku ne, ba a karanta su da ido. Wanda bai sami likitanci ba kuma, ƙofa ba ta rufe ba. Masu digiri a sinadaran jiki da kimiyyar ɗakin gwaji su ne ƙashin bayan kowane rukunin bincike.

Dole sai ya fita waje?

Ba dole ba, amma yawanci yana da amfani a fita na ɗan lokaci a koyo. A gida akwai Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya a Yaba, da cibiyar nazarin ƙwayoyin gado ta Farfesa Christian Happi a Ede, da rukunai masu ƙarfi a Ibadan. Shirin H3Africa na binciken ƙwayoyin gadon mutanen Afirka, wanda aka ƙaddamar a 2010 da kuɗin NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, da gidauniyar Wellcome ta Ingila, ya horar da 'yan Afirka da dama a gida. Farfesa Charles Rotimi, ɗan Najeriya da ke NIH a lokacin, yana cikin waɗanda suka assasa shi. TETFund ma tana ba malaman jami'a kuɗin bincike ta hanyar gasa.

Shawarata ga mai fita: ya tafi da tambaya daga gida, da alaƙa da wani asibiti a gida. Na'ura ana iya samu a ko'ina, amma iyali mai 'ya'ya ashirin da jikoki ɗari, waɗanda suka san sunan kakan kakansu, dukiyar bincike ce da turawa ba su da ita.

Akwai kuɗi a ciki? Kuma yaya ranar aikin take?

Ba kamar na mai asibitin kansa a Lekki ba. Albashin jami'a ne ko na asibitin koyarwa, sai abin da tallafin bincike ya ƙara idan an samu, kuma ana neman tallafi a rasa fiye da yadda ake samu. Ranar aiki kan fara da zagayen majinyata, ta wuce ɗakin gwaji da rana, ta ƙare da rubutu da daddare. A nan Legas akwai ƙarin nauyi: samfurin jini yana zaune ne a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, kuma idan wuta ta ɗauke janareta ya ƙi tashi, aikin shekaru na iya narkewa a dare ɗaya. Mai bincike a nan yakan kwana da lambar mai gyaran janareta a kusa da matashinsa, yakan kuma jira sinadaran gwaji watanni kafin su iso daga waje.

Ni mace ce. Zan iya haɗa wannan da aure da 'ya'ya?

Ƙanwata, kin ga sunayen da suka fito a labarin PCSK9: Abifadel, Boileau, Hobbs, duk mata ne. Wahalar gaskiya ce, domin shekarun horo su ne shekarun haihuwa. A yi maganar a fili tun kafin a ɗaura aure, a nemi malama ko malami mai fahimta. Kuma akwai ɗakunan da likita namiji ba zai shiga ya zauna ya ji tarihin gida daga bakin tsohuwa ba, ke kuwa za a shimfiɗa miki tabarma.

Wasu sun zo unguwarmu suna neman jini don bincike. Mu yarda?

Tsoron mutanenmu yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200, aka yi shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Yanzu akwai kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, kuma kowane asibitin koyarwa yana da nasa.

Kafin ka miƙa hannu, ka nemi takardar amincewar kwamitin, da sunan asibiti ko jami'ar da ke bayan aikin. A yi maka bayani da Hausa. Ka tambayi ina za a ajiye jinin, ko za a fitar da shi waje, wa zai ga sunanka, kuma ko za a gaya maka idan an ga abin da ya shafi lafiyarka. Kana da ikon ƙi, kana da ikon janyewa daga baya, kuma ba a hana ka magani don ka ƙi. Yardar sarkin Hausawa ko limamin unguwa tana da muhimmanci, amma ba ta maye gurbin taka. Idan duk wannan ya cika, ni ina ƙarfafa a shiga, saboda dalilin da ke amsa ta gaba.

Me ya rage a gano, kuma ɗalibin da ba shi da ko sisi me zai fara yanzu?

Abin da ya rage ya fi abin da aka gano. Mutanen Afirka sun fi kowa bambancin ƙwayoyin gado, amma ba su kai kashi 3 cikin 100 na waɗanda aka sa a manyan nazarce-nazarcen duniya ba. Babban kundin da ake kira 1000 Genomes yana da Yarbawa da mutanen Esan daga Najeriya, babu Hausawa. A 2020 masu H3Africa suka karanta DNA na mutum 426 kacal, suka sami sauye-sauye sama da miliyan uku da ba a taɓa rubutawa ba. Waɗanne sauye-sauye ne ke kawo gadon yawan kolestarol a gidajen Hausa da Fulani da Barebari? Mutum nawa cikinmu ke da kariyar PCSK9? Me ke faruwa da jinin wanda ya baro ƙauye ya yi shekara goma a Alaba Rago? Duk aikin da ke jiran mai yi ne.

Ɗalibin da ya fara shiga ɗakin majinyata yana iya farawa da biro da takarda. Duk wanda aka kwantar da bugun zuciya ko shanyewar jiki yana ƙasa da shekara 55, ka zauna ka zana bishiyar danginsa hawa uku: wa ya rasu, yana shekara nawa, da wane ciwo, wa ya auri wa. Ka taɓa agararsa, ka duba idonsa, ka tabbata an auna LDL. Idan ka ga gidan da abin ya maimaitu, ka kai wa babban likitan sashen, ku nemi izinin kwamitin ɗa'a, sannan a gayyato 'yan'uwan su zo gwaji.